Yadda Ake Zaɓen Rumfar da Ta Dace da Baranda ko Tsakar Gida

Da zarar watan Maris ya kama, ɗaki ya daina zaunuwa da rana a ƙauyukan Kano da Jigawa. A Afrilu zafi kan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce, sai ka ga gida kaf ya dawo gindin rumfa. Nan ake tsintar shinkafa, nan ake kitso, nan jariri ke barci, nan maigida ke kishingiɗa bayan azahar. Duk da haka yawancinmu ba zaɓen rumfa muke yi ba, kwaikwayo muke yi. Wanda ya sayar da riɗi ko shinkafa ya samu 'yan kuɗi sai ya ce kwano zai buga, tunda na gidan Alhaji ma kwano ne. Wanda bai samu ba ya jera kara yana jin kamar ya gaza, alhali sau da yawa mai karan ya fi mai kwanon shan iska.

Tsadar rufi ba ita ke sa rumfa daɗin zama ba. Lokacin da ake zama a cikinta, da ɓangaren da rana da iska ke shigo mata, su ne ke yanke hukunci. Saboda haka kafin a doshi kasuwa akwai aikin da ake fara yi a gida, wanda ba ya cin ko kwabo.

Fara da masu zaman

Ka tambayi matan gida tukuna, don sun fi ka sanin tsakar gidan nan. Kai da safe ka fita gona ko kasuwa, su ne ke yini suna jan tabarma suna bin inuwa. Ka nuna wurin da ka yi niyya, mai yiwuwa ka ji uwargida ta ce, "Maigida, ai nan da la'asar ba ya zaunuwa, jikin ɗakin Inna muke komawa." Wannan maganar ta fi shawarar kafinta amfani.

Daga nan ka tsayar da abu uku. Rana kaɗai kake son tarewa, ko har da ruwan sama? Za a hura wuta a ƙarƙashinta ko kusa da ita? Awaki da tumaki suna kaiwa wurin? Amsoshin nan kaɗai sun isa su rage maka zaɓi. In akwai murhu, kara da ciyawa da tamfol sun fita daga lissafi. In buhunan hatsi ko keken ɗinki ko babur za a ajiye, dole rufin da ba ya yoyo. In kuwa zaman hira ne kawai na rani da bazara, ba ka da dalilin sayen kwano.

Auna tafiyar rana da sanda

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Ka samu sanda ko gora mai tsawon da kake son rumfar ta kai, a ce ƙafa 8. Ka kafa ta a inda kusurwar rumfar ta yamma za ta tsaya. Ka sa yaro ya riƙa zuba toka a daidai inda kan inuwar sandar ya tsaya: da hantsi, da azahar, da la'asar, sai kuma wajen ƙarfe 5 na yamma. Kafin magariba tokar ta zana maka inda inuwar rufinka za ta riƙa faɗawa.

Abin da za ka gani ba baƙo ba ne, mun karanta shi tun a makarantar allo da ta zaure. Lokacin la'asar na shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. Ke nan rumfa mai tsayin ƙafa 8, da an kira la'asar inuwarta ta matsa gabas da aƙalla ƙafa 8. In faɗinta daga yamma zuwa gabas ƙafa 6 ne kacal, babu sauran inuwa a ƙarƙashinta, duk ta fice waje. Ka kashe kuɗi ka yi inuwar giginya, na nesa ka sha. Kuma wannan lokacin, daga ƙarfe 2 zuwa 5, shi ne zafi ya fi tsanani, ƙasa da bango duk sun ɗauka.

Mafita biyu ce. Ko ka faɗaɗa rumfar ta ɓangaren yamma, ko ka tare yamman da wani abu a tsaye: zana, asabari, tabarmar kaba ko ragar tare rana. Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Asabarin da ake naɗewa da safe a sake shi bayan azahar ya fi zanar da aka ɗaure dindindin, don da dare kana son iska ta ratsa. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ba gara ya yi rufi mai araha ya tare yamma da kyau, da ya buga kwano mai tsada ya bar yamma a wangale.

Sai batun kudu da arewa. Kano da Dutse suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana ba gefe ɗaya take bi ba duk shekara. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, da tsakar rana tana ɗan karkata arewa, amma kaɗan ne: a watan Yuni inuwar sanda mai ƙafa 8 ba ta kai ƙafa 2 ba. Sauran watanni tana kudu, kuma a Disamba inuwar sandar nan da tsakar rana kan kai kusan ƙafa 6 zuwa arewa. Abin da wannan ke nufi shi ne, barandar da ke kallon kudu ko arewa ba ta da wahalar sha'ani. Da bazara rana na bisa kai, rufi madaidaici ya wadatar. Mai kallon kudu ma har da ƙarin alheri, don da hunturu rana na leƙowa ciki, tsofaffi su sha hantsi ba tare da sun fita ba. Mai kallon yamma ita ce mai cin kuɗi da dabara.

Iska da ruwa

Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, yawanci daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Shi ke yaye kwano, shi ke sa feshi ya jiƙa bangon gabas. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa. To kada ka bar bakin rumfa mai tsayi yana kallon gabas a buɗe, iska za ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga rufin gaba ɗaya. Gefen gabas ya zama shi ne mai ƙasa-ƙasa, ko ya jingina da ɗaki ko katanga.

Ka kuma duba inda ruwan rufin zai zuba. Kada ya sauka a gindin bangon ƙasa, naka ko na maƙwabci. Mutanen Ringim, Auyo da Haɗejiya sun ga yadda ginin ƙasa ke zubewa idan gindinsa ya sha ruwa, musamman a ambaliyar 2022. Haka kuma in indararon ɗaki na zubowa daidai inda rumfar za ta zauna, a gyara masa hanya tun kafin a kafa dirka.

Yanzu sai rufin kansa

Rumfar kara ita ce uwa. Karan dawa ya fi na gero ƙwari da daɗewa, na masara kuwa kada ma a fara, da wuri yake ruɓewa. Sirrin sanyinta shi ne kara ba ya riƙe zafi, kuma iska mai zafi na ficewa ta tsakankaninsa. A zage ganyen a ba dabbobi kafin a jera, in ba haka ba ƙaiƙayi da datti za su riƙa zubowa cikin abinci. A jera shi da kauri, a gicciye wani a kan wani, a danne da tanka a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba. Aibinta a fili yake: ba ta tare ruwa, kusan duk shekara sai an sabunta, kuma in ta tsufa ɓera da kunama na samun mafaka. Ga wuta. Da hunturu tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa.

Zana, wadda ake saƙawa da gamba, ta fi kara tsafta da kyan gani, inuwarta kuma ta fi cika. In ka je saye ka ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta. In haske na ratsowa ko'ina, saƙar ta yi sako-sako. Ka lanƙwasa gefe kaɗan, in ciyawar na karyewa tana zuba, ta bara ce. Zana biyu a haɗe a sama, ɗaya a tsaye a yamma, sun isa zaman iyali. Awaki dai ba sa raga mata, a ɗaga ta tsaye daga ƙasa ko a kare gindinta.

Jinka, wato a yanta ciyawa a baibaye tsaiko, ita kaɗai ce a cikin kayan gargajiya ke ba da sanyi ta kuma tare ruwa, muddin an ba ta gangara sosai. Jinka a kwance ruɓewa take yi. Matsalar yau masu iya aikin sun ragu, ciyawar ma sai an nema.

Kwano shi ne wanda ake ɗoki, kuma yana da dalilinsa: yana tare ruwa, wuta ba ta kama shi, gara ba ta ci, ya kan yi shekaru. Amma da rana yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, sannan ya riƙa sako shi a kan wanda ke ƙasa. Rumfar kwano mai tsayin ƙafa 7 ba a iya zamanta da azahar a watan Afrilu, ko da iska na kaɗawa. In kwano ka zaɓa, ka ɗauki sharuɗɗansa duka. A ɗaga shi ƙafa 9 zuwa 10. A shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashinsa a matsayin silin, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsu, bakin kuma a buɗe don iska ta riƙa wucewa. Wannan tazarar ita ce maganin, ba zanar kaɗai ba. Farin fenti a sama yana rage zafi shi ma. Wasu na jibga kara a bisa kwanon, yana sanyaya wuri kam, amma da damina yana riƙe laima ya jawo tsatsa, sai dai a riƙa sauke shi kafin ruwa ya sauka. Ka tuna kuma, ɗaga rufi na ƙara nisan da inuwa ke gudu da la'asar, don haka mai kwano ya fi kowa bukatar tare yamma.

Wajen bugawa, a ba shi gangarar aƙalla ƙafa 1 a kowace ƙafa 10. A ɗora kwano kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, bakin haɗin ya ba gabas baya. Kusa mai hula ake sawa, a kan tudun kwano, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Abin da ya fi kawo asara shi ne rashin ɗaure katakon da dirka. Kusa kaɗai ba ta riƙe iskar gabas, sai an naɗe da waya mai kauri ko siririn rodi. In kafinta ya ce maka, "Haba Malam, ai wannan ko giwa ta hau ba abin da zai yi," ka ce masa ba hawa kake tsoro ba, ɗagawa kake tsoro. Dogon kwanon alminiyon, mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55, ba ya tsatsa kuma ba shi da yawan haɗi, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin rumfar hira.

Tamfol na sha'ani ne: suna, ɗaurin aure, zaman makoki, ko rufe amfanin gona na 'yan kwanaki. Rana na cinye na roba har ya riƙa yagewa da kansa, yana tara zafi, ruwa na taruwa a tsakiyarsa ya yi tumbi ya karya sanda. In dole ne, a ɗaga tsakiya, a ɗaure kusurwoyi da robar da ake ɗaure kaya a babur don ta riƙa ba iska hanya, a kuma kwance shi da an ga hadari.

Akwai kuma ragar tare rana, koriya ko baƙa, irin wadda masu renon dashe ke amfani da ita. Ana sayar da ita da lamba, 50, 70, 80 ko 90, ma'ana kashi nawa cikin ɗari na hasken rana take tarewa. Don zaman mutane a nemi 80 ko 90. Ba ta da nauyi, iska na ratsa ta, awaki ba su damu da ita ba, ba ta tara ƙwari kamar kara. Ruwa dai wucewa yake yi. Inda na fi ganin amfaninta shi ne tare yamma a barandar siminti, inda zana za ta riƙa zubar da datti. A naɗe bakinta a jikin katako ko rodi kafin a ɗaure, in aka huda ta da waya kai tsaye nan za ta fara yagewa.

Duk wanda ka zaɓa cikin waɗannan, ka dasa bishiya a yammacin wurin a daminar nan. Inuwar bishiya ta fi ta kowane rufi sanyi, saboda ganye na fitar da ruwa yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne aka fara dasa ta a Borno a 1928, tana jure fari, dabbobi ba su cika cinta ba, cikin 'yan shekaru ta yi inuwa. Ceɗiya da durumi reshe kawai ake kafawa su kama, amma saiwarsu na fasa gini da daɓe, a nisanta su da ɗaki da rijiya da masai. Mangwaro sai inda ruwa ke kusa. Zogale na saurin tashi, inuwarsa ce ba ta da kauri. Kowacce ce, a ba ta tazarar taku 6 ko fiye daga bango, a kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando. Kafin ta girma, ana iya sakin soso ko duma ko kabewa su hau rumfar kara da damina, in dirkokin za su ɗauki nauyin.

Dirka ita ce rumfar

Rufi ana canzawa, dirka ce ke zama. Yawancin rumfunan da ke faɗuwa daga gindi suke mutuwa, gara ta cinye abin da ke cikin ƙasa alhali sama na nan kamar lafiya. Azarar giginya da kirya sun fi jure gara, amma sun yi wuya sun yi tsada, kuma sare bishiya ba izini na iya haɗa ka da malaman daji. Abin da ya fi samuwa yanzu shi ne sandunan turare da na darbejiya. A ɓare ɓawon, a bar su su bushe, a babbaka gindin da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi, sannan a shafe shi da baƙin mai ko kwalta har taƙi guda sama da ƙasa. Rami ya kai zurfin ƙafa 2, a ƙasa mai yashi irin ta Gumel da Maigatari a ƙara. A riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa, kada a tura ta gaba ɗaya a take da ƙafa.

Rumfar kwano kuwa ta fi son fayif na ƙarfe mai inci 2, a dasa shi cikin kankare: siminti awo 1, yashi 2, tsakuwa 4. Mai walda ya liƙa guntun rodi a gicciye a gindin don kada iska ta zare shi, ya toshe bakin sama don kada ruwa ya taru a ciki. A bar kankaren ya yi kwanaki ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗora nauyi. Tazara tsakanin dirka da dirka kada ta wuce ƙafa 8 zuwa 10. In ɗakin na ƙasa ne, kada a huda bango a cusa katako, a kafa wa rumfar dirkokinta a jikin bangon, ta tsaya da ƙafarta. In iska ta ɗauke ta, ba za ta tafi da bangon ba.

Ga wata dabara ga mai ƙaramin ƙarfi: ka kashe kuɗin bana a kan dirkokin ƙarfe da katako mai kyau, da tsayi da gangarar da kwano ke bukata, ka rufa da zana. Baɗi ko baɗin baɗaɗa in hali ya samu ka ɗora kwano a sama, zanar ta koma silin. Ba abin da ya tafi a banza.

Lissafi da lokacin saye

Ka auna wurin da igiya ko tef, ka ƙara ƙafa 1 a kowane gefe don feshi. Misali rumfa mai ƙafa 12 a faɗi da 10 a gangare: kwano mai tsawon ƙafa 6 yana rufe faɗin kusan ƙafa 2 bayan an haɗa, ke nan layi biyu, kowanne falle 6 ko 7, jimla 12 zuwa 14. Bandir kuwa falle 20 ne, don haka ko ka saya a falle, ko ku haɗa da wani ku raba. Kada ka kwatanta farashin yau kaɗai. Ka raba kuɗin kowane rufi da shekarun da zai yi, ka haɗa da ladan aikin sabuntawa. Wanda ke noma dawa karansa kyauta ne, lissafinsa daban da na malamin makarantar da zai sayi kowane dami.

Kara da gamba da kaka ake tanadinsu, Oktoba zuwa Disamba. In ka bari sai bazara, lokacin da masu dabbobi ke neman abin ba su, ka saya da tsada kuma ka samu wanda gara ta fara taɓawa. A jingine damin a tsaye a kan duwatsu ko itace, kada ya kwanta a ƙasa. Zana, asabari, igiya da tabarma ana samu a kasuwannin mako, irin Wudil ran Juma'a, Ɗambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Kwano, kusa da fayif in da yawa za ka saya, Ƙofar Ruwa a birnin Kano, katako kuma 'Yan Katako a Na'ibawa, amma ka sa kuɗin mota a lissafi, wani lokaci shagon garinku ya fi sauƙi. Tsohon kwano ba laifi, ka ɗaga shi a rana ka ƙirga hudojin, ka tabbatar tsatsa ba ta ci bakinsa ba.

Aikin kansa a gama shi a Fabrairu ko farkon Maris, kafin zafi ya sauka. Ranar da za a hau sama a aika yaro ya sanar da maƙwabta cewa maza za su hau, don mata su kimtsa. A duba wayar lantarki ko ta sola da ta ratsa wurin, kada kwano ya goge ta. Ƙasan rumfar a ɗaga shi taƙi guda sama da tsakar gida, a daɓe, don kada ruwa ya kwanta.

Sannan duk shekara, da an shiga Mayu, ka zagaya dirkokin ɗaya bayan ɗaya. Ka girgiza kowacce, ka tona gindinta kaɗan ka soka wuƙa. In ta shige da sauƙi, a canza dirkar kafin hadarin farko. Ka ƙara ɗaure igiyoyin da rana ta cinye, ka bi kusoshin da suka ɗago da guduma, ka sauke karan da ke bisa kwano, ka naɗe asabari da raga ka ajiye su a ɗaki duk ranar da gabas ta yi baƙi.